Angon Iya Fanta

Baballe mutumin Lausu ne, ɗan dako a kasuwar Rano, kuma a zamanin ƙarfinsa ba ya jiran a ɗora masa buhun masara, da kansa yake sungumarsa. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da ake raba maza da mata har a motar haya, wani ƙullutu ya fito masa a ƙirji, ƙarƙashin nonon hagu. Ya ce maruru ne. Wanzami ya tsaga, mai magani ya shafa, aka sha rubutu, abu sai ƙara tauri yake yi. Da aka dangana da babban asibiti a birni, likita ya ce sankarar mama ce.

"Likita, ai ni namiji ne," in ji Baballe. Likita ya ce ya gani, tana kama maza ma, ba dai kasafai ba. Aka yanke wurin, aka ce ya riƙa zuwa ana ƙara masa ruwan magani, in ya yi sake za ta dawo.

To, a nan gizo ke saƙar. Ranar ganin masu wannan ciwo, mata ne zalla a kan benci, ko'ina hijabi. Baballe ya leƙa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya koma gindin darbejiya inda mazan da suka rako matansu suke zama. Da aka tambaye shi, ya ce iyali ya kawo. Yana ji ta taga ana kiran sunansa, ya yi kunnen uwar shegu. Da yamma ya koma gida ya ce wa matarsa Zainaba likita bai zo ba. Haka ya yi ta yi, ya sha wahalar hanya ya zauna a inuwa ya dawo, hannun hagu na kumbura. A Lausu kuwa cewa ya yi ƙari aka cire masa, bai faɗi suna ba.

Akwai wata tsohuwa 'yar Kibiya mai daddawa, Iya Fanta, da suke shiga mota ɗaya daga Rano, maza a gaba mata a baya. Ita ma an yanke mata. Ba ta taɓa ganin iyalin da yake rakowa ba, ta dai ga yadda yake tallabe hannu kamar yadda take tallabe nata. Rannan ana kiran sunansa, sai ga ta a gindin darbejiya.

"Angona, tashi mana! Ka bar amarya ita kaɗai a layi?"

Maza suka bushe da dariya, sun ɗauka wasan kaka da jika ne. Ta ja hannun rigarsa har ciki, ta ce, "Ku matsa wa angona, kuma kowa ta kama kanta, ban da kallo." Aka matsa. Ya zauna a ƙarshen benci, kai a sunkuye, gumi na karyo masa.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Amai, kasala, abinci ba ɗanɗano, mutumin da ke sungumar buhu ya koma tulun ruwa na gagararsa. Matan benci ne suka koya masa zama da ciwon. Maijidda, wata malamar makaranta, ta ce ya riƙa tsotsar tsamiya in zuciyarsa ta tashi, ya ɗora hannun a kan filo in zai kwanta. Da gashinsa ya zube, Iya Fanta ta ce, "Ku maza kun more, da ma ƙwal kwabo kuke yi." Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

Amma gajiya ba ta jin wasa. Da damina ta sauka hanya ta ɓaci, jiki ya ƙi, ga tsoron kada wani ɗan Rano ya gan shi a layin mata ya kai labari kasuwa. Ya gaji, gajiya ta gaske. Ya daina zuwa, Zainaba ta yi magana har ta haƙura.

Direban motarsu ne ya kawo masa labarin rasuwar Iya Fanta. Baballe ya isa Kibiya ana shirin fito da ita. Maijidda da wasu matan benci sun riga shi zuwa, ta aiko aka kira shi bakin zaure.

"Malam Baballe, mu mata ba ma raka gawa. A cikinmu kai kaɗai ne za ka iya kai ta."

Ya kutsa cikin maza ya sa kafaɗar dama a makara. Ba ta kai rabin buhu ba, amma bai taɓa ɗaukar kayan da ya yi masa nauyi kamarta ba. Ana karɓa ana sauyawa, shi ya ƙi saki har bakin kabari.

Bayan an dawo, Ƙasimu ɗan Iya Fanta ya miƙa masa hannu a gaban jama'a, har da 'yan kasuwar Rano. "Malam, ban waye ka ba. Ta ina kuka haɗu da Iya?"

Baballe ya dubi fuskokin da ya sani. Ya ce, "A asibiti. Ciwonmu ɗaya da ita, bencinmu ɗaya."

Wani dattijo ya ce Allah ya ba da lafiya, aka amsa da amin.

Ranar asibiti ta zagayo, ya wuce darbejiya bai ko kalle ta ba. Babu mai jan rigarsa yanzu. Matan suka matsa masa a inda Iya Fanta take zama, kuma da aka kira sunansa, ya amsa da ƙarfi.