Takardar Rahila a Akwatin Yaya Ladi

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Ladi. Lissafin ba ya ɓace mini, domin ta rasu ne a shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama. Direbobin Kafanchan ba su gama sabawa ba muka binne ta, a tsakiyar damina.

Tuwo take sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba ta haihu ba, ba ta kuma yi boko ba. Amma a gidanta akwai ɗaki guda da ake kira ɗakin 'yan hutu. Idan kwalejoji suka yi hutu akan kulle ɗakunan kwana, kowa ya nufi gidansu. Waɗanda suka tashi a gidan marayu na mishan, ko a hannun wani da ya gaji da su, ba su da gidan zuwa. Sukan sauka daga jirgi su tsaya riƙe da akwati har tasha ta watse. Ita kuwa tana kallonsu daga bakin tukunya, sai ta aika a kira su.

Takardun makaranta kuma suna neman sunan uba ko mai riƙo. Ita take dangwala musu yatsa. Takan ɗaga babban yatsanta ta ce, "Wannan ya shiga kwaleji fiye da Fasto."

A cikinsu Rahila ta fi daɗewa. Daga wajen Kagoma take, uwarta ta rasu wurin haihuwarta. Ta gama kwalejin horon malamai, aka tura ta koyarwa wani ƙauye bayan Kauru, inda mota ba ta cika shiga da damina ba. Ta nemi shiga jami'a, ta rubuta adireshin Yaya, domin ba ta da wani.

A wurinmu idan mutum ya rasu ana tattara kayansa a rufe, ba mai taɓawa sai dangi sun taru bayan girbi. Ni dattawa suka ba makullin akwatinta. Mako uku bayan jana'iza, dattijon majami'armu mai ɗebo wasiƙu daga gidan waya ya miƙo mini ambulan, ya ce, "Ga ta gidan Ladi." A lokacin na haura arba'in, ban san ko baƙi ɗaya ba. Na ɗauka ta Yaya ce, kuma nuna wa wani tona asirin mamaci ne. Na naɗe ta cikin zane, na sa a akwati, na kulle.

Sau biyu Rahila ta aiko direba ya tambaye ni ko takarda ta zo mata. Sau biyu na ce a'a. A iya sanina gaskiya na faɗa.

Ana sauran kwana kaɗan Kirsimeti aka buɗe akwatin a gaban dangi. Fasto ya duba ambulan ɗin, ya ce sunan Rahila ne a sama, na Ladi a ƙasa. An ba Rahila gurbi a jami'a, an ce ta je kafin wata rana, ranar kuwa ta wuce da wata biyu. Rahila tana zaune a wurin.

"Kawu, tun yaushe take nan?" in ji ta.

Na ce, "Tun kafin a fara cin sabuwar doya."

Ta juya takardar gaba da baya, ta ce, "To, ka adana ta da kyau. Ko ƙura babu."

Ta je jami'ar, aka ce an riga an ba wani. Ta sake nema shekara biyu a jere, ba a ɗauke ta ba. Yanzu tana koyarwa a Godogodo, da 'ya'yanta biyu. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Da watan Janairu ya kama bayan buɗe akwatin, na shiga ajin manya na yamma, shekara huɗu ina zuwa kafin na iya rubuta wasiƙa ni kaɗai.

Nakan yi tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. Firamare ta zama kyauta, masu zuwa manyan makarantu sun yi yawa, jirgi yana cika da su. Za ta ji daɗin wannan. Amma na karanta takardun yanzu da idona: har yau suna tambayar mai riƙo, suna tambayar adireshi. Har yau ana kulle ɗakunan kwana da hutu. Ina jin ba za ta yi dogon jawabi ba, za ta tambaya ne wa yake zuwa tasha ranar da aka rufe makarantu. Ni kuma za ta kalle ni ta ce, "Ayuba, ni na mutu, ko takardar?"

Ɗan makarantar da ba shi da kowa, ba abinci kaɗai yake bukata ba. Yana bukatar ƙofar da wasiƙarsa za ta shiga, da mutumin da zai duba sunan da ke kai. Matan zumunta na majami'armu sun ɗauki wani ɓangare na aikinta, sukan raba 'yan hutu a tsakaninsu. Ni nake karɓo wasiƙun yanzu, kuma ba wadda take kwana a hannuna.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa. Gurbi ɗaya a jami'a. Gida ɗaya, wanda dangi suka sa a haya. Da 'yan makaranta huɗu da suka zo hutun waccan shekarar suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Uku na san inda suke. Ta huɗun ban sake jin labarinta ba.