Gwangwanin da Ba Jan Zare

Yau a jirgin ƙasa na metro wata mata ta buɗe leda, ƙamshin koko, garin cakulan, ya bugo ni, wallahi sai Mama ta faɗo min a rai.

Maƙwabciyata ce a unguwar Ainu Shams, tsohuwar kuku a wani gida a unguwar Zamalek. Duk Kirsimeti sai ta daka biskit, ta zuba koko da madara, ta mulmula a tafin hannu, ta mirgina cikin garin kwakwa. Ba wuta, firij kawai. Gwangwani biyu take yi. Wanda ta zuba wa giyar ram, na manyan cocinsu ne, tana ɗaura masa jan zare. Nawa kuwa da ruwan lemu take haɗawa.

Bara ta ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da gwangwanina, ina tare da 'yan ajinmu. Na ga sun zuba wa gwangwanin ido, sai burga ta motsa.

"Ma'alish, ki yi haƙuri Mama, mu ba ma cin kayan giya," na ce.

"Ɗana, ka ga zare a jiki?" ta ce. "Har cokali daban na saya saboda kai."

Ta juya, ina jin jan silifas ɗinta a kan bene. Na ce gobe zan ba ta haƙuri. Gobe ta zama jibi, ga jarrabawa, khalas, shi ke nan, kafin Ista ta rasu, aka tafi da gawarta garinsu.

'Yan ajin nan ko sunanta ba su tambaya ba. Ni kuma shekara uku na yi ina lashe yatsa.

Mama, Allah Ya sa kin yafe min kafin ki tafi.