Ƙofofi Biyu da Malam Hali Ya Ɓoye Cikin Katanga

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Hali birkila, abokina tun muna kiwon awaki, kuma sai bana na iya zama in rubuta wani abu a kansa ba tare da ina kare kaina ba. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, firamare na yi na tsaya. Amma akwai laifin da na yi wa mutumin nan da garinmu, gara in faɗe shi da bakina tun ina numfashi.

Garinmu yana tsakanin Bodinga da Shagari, mu manoman gero da albasa ne. Wata shekara aka ce mu za mu sauki babbar gasar kokawa ta kwana uku, wadda za ta tara 'yan kokawa daga garuruwa da yawa. Aka kafa kwamiti, aka ɗora ni shugaba, don ina da baki kuma ina da babbar riga. Hali aka ba aikin katanga da rumfar 'yan kallo.

Filin da muka zaɓa, akwai tsohuwar hanyar ƙafa da ta ratsa gefensa. Ta nan mata ke bi zuwa rijiya, ta nan masu jakuna ke fito da albasa daga fadama zuwa bakin titi. Hali ya ce a bar ƙofa biyu, gabas da yamma, daidai kan hanyar, yadda jama'a za su ci gaba da ratsawa bayan baƙi sun watse. Ya ce rumfar ma a ɗaga ƙarƙashinta, mutum ya iya zama ya yi sana'a a inuwa. Ni kuwa na taɓa ganin filin wasa a birni, shi nake so. Ƙofa ɗaya, babba, ta ƙarfe, mai kallon titi, da kwaɗo.

A gaban kwamiti ya dube ni ya ce, “Dogo, kokawag ga kwana ukku ta. Rana ta huɗu hwa, wa ka shigowa nan?”

Na ce masa ya tsaya kan bulo da siminti, ya bar tsari ga waɗanda suka san tsari. Mutane suka yi dariya. Ya ce, “To, ranka shi daɗe.” Mutumin da tun yarinta bai taɓa kirana da komai ba sai Dogo. Wannan gaisuwar girman ta fi zagi ciwo, amma a ranar daɗinta na ji.

Gasa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. An yi kiɗa, an yi kirari, an kā da manya, baƙi sun yaba. Rana ta huɗu na rufe ƙofa na jefa mabuɗi a aljihu, wai kada a ɓata wuri. Mata suka koma zagaye mai nisa da tulu a ka, masu jakuna suna tsine wa katangar duk safiya. Damina biyu, ciyawa ta kai ƙugu. Iska ta yaye kwano uku na rumfar. Samari masu ƙwallo suka haura katanga sau ɗaya, maciji ya kore su, suka koma bugawa a gonar da aka girbe. Daga baya mabuɗin ma ya ɓace mini, ban gaya wa kowa ba.

Ni da Hali ba mu daina gaisawa ba, sahu ɗaya muke sallah. Amma bai sake ɗaga maganar filin ba, ni ma ban ɗaga ba. Da ya kwanta ciwon ajali na je duba shi sau uku, kowane zuwa da niyyar in ce masa shi ke da gaskiya. Sai mu yi ta hirar farashin taki har in tashi.

Bara ne ƙungiyar matasa da wasu mata suka same ni a ƙofar gida, cikin ladabi, suna roƙon a buɗe filin. Cikinsu akwai Bello, babban ɗan Hali, wanda ya gaji sana'ar, shi ma yanzu da furfura a gemu. Na sunkuyar da kai na ce mabuɗi ya ɓace, kuma ko yana nan ba shi ne maganin abin ba, hanyar da na toshe ita ce matsala. Na ce in za a fasa katanga, ni zan fara.

Bello ya ce, “Baba, ba sai mun nemi wuri ba. Marigayi ya nuna mini. Yac ce ranad da Dogo ya yarda, in kai shi nan.”

Ya kai ni gefen gabas, ya auna taku daga kusurwa, ya miƙo mini guduma. Bugu uku filasta ta zube. A ƙarƙashinta ga linta, irin wadda ake azawa a saman ƙofa, an zuba ta da rodi, daidai faɗin ƙofar da jaki da kayansa zai wuce. Bulon da ke ƙasanta kusan da yashi kawai aka jera shi, da hannu muka riƙa zarewa. Haka muka tarar a yamma. Ashe ya yi mini katangar da na ce, ya kuma bar wa gari ƙofofinsa a ciki, ya shafe su, yana jira in dawo hayyacina. Na zauna a kan bulon nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Da Hali zai leƙo yau, na san zai fara da ƙorafi, ya ce gyaran kwanon bai miƙe ba. Bayan nan zai ga mata suna ratsawa zuwa rijiya, mai waina da teloli biyu a ƙarƙashin rumfa, manoma suna shanya albasa a kan matakalar da manyan baƙi suka zauna. Da la'asar ƙwallo, bayan girbi kokawar unguwanni. Ba wanda ke share hanyar, ƙafa ce ke share ta.

Ina jin labarin manyan filayen da ake ginawa a birane don wasannin mako biyu. Ban san lissafin injiniyoyi ba, abin da na sani kaɗan ne. Kafin a aza bulo na farko, a nemo mai tambayar rana ta huɗu, a zaunar da shi gaba, kada a yi masa dariya.

Allah ya jiƙan Hali, ya buɗe masa ƙofofin rahama. Matasa sun so su sa wa ƙofofin nan ƙyaure, suka zo neman shawarata. Na ce su bar su yadda mai su ya bar su.