Motar Shige da Fice a Ƙofar Asibitinmu

Har na yi ritaya ban manta da safiyar Talatar da motar jami'an shige da fice ta tsaya a ƙofar asibitinmu ba. Lokacin ni ce shugabar wani ƙaramin asibitin ƙaramar hukuma a wajen Kalambaina, a shekarar da aka rufe boda tsakaninmu da Nijar. Yawancin matan da ke kawo mana yara riga-kafi matan masu fasa dutse ne, kuma da dama daga cikinsu daga tsallaken iyaka suka zo.

Wanda ya fito daga motar sufritanda ne, Bakano, mai ladabi ƙwarai. Ya ce yana so mutanensa biyu su sa rigar ma'aikatanmu su bi masu riga-kafi gida-gida, don su gane baƙin da ba su da takardu.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: shige da fice aikin gwamnatin tarayya ne, mu kuwa ƙaramar hukuma ta ɗauke mu, jiha ke ba mu umarni. Umarnin kuwa shi ne kada mu ba kowa bayanin majinyaci sai da izinin kotu, kada kuma a haɗa riga-kafi da aikin kame. Na ce, "Yallaɓai, wannan ya fi ƙarfina. Bari in kira daraktanmu."

Daraktan lafiya, Alhaji Bello, ya iso da kansa. Ya sa aka kawo shayi, ya saurari baƙon har ya gama, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, muna girmama aikinku, amma doka ta ɗaure mana hannu. Kuma ko ta sake mu, mi za mu nuna maka? Matar da aka haifa Ƙonni ta Nijar da wadda aka haifa nan Ƙofar Marke bakinsu guda, kakarsu ma wataƙila guda."

Sufritandan bai yi gardama ba. Ya ce shi ma daga sama aka matso shi. Suka yi musabaha, ya tafi. Ni kuwa na koma ofis ina jin mun yi abin kirki.

Washegari ranar riga-kafi ce. Bencin da muka saba ganin mata sun cika har wasu na zaune ƙasa, babu kowa a kai sai mai gadi. Ba wanda ya ji abin da Alhaji Bello ya faɗa a cikin ofis, amma duk unguwa ta ga motar a ƙofarmu, ta kuma ga an shiga da shayi. Muka bi gidaje, ana ce mana matan sun yi tafiya, alhali muna jin kukan jarirai daga zaure.

A cikin wannan hali ƙyanda ta kama ɗiyar wata mata mai suna Hadiza, aka ɓoye yarinyar a ɗaki har idanunta suka rufe. Da na samu shiga gidan, Hadiza ta tare ƙofar ɗakin ta ce, "Hajiya, in kun zo ɗaukarmu ne, ku bari ta warke tukuna." Sai da na rantse mata kafin ta bar ni na taɓa yarinyar. Allah ya sa ta rayu, amma ido ɗaya bai dawo daidai ba. Sai da limamin unguwa ya yi bayani a masallaci sannan mata suka fara dawowa, su ma a ɗarare.

Ƙarshen wata Alhaji Bello ya rubuta wa jiha cewa mun kiyaye doka sosai. Daga baya na ji sufritandan ma ya rubuta wa nasa manyan cewa ya samu cikakken haɗin kai a wurinmu. Duka biyun an yaba musu.

Abin da nake gaya wa ƙananan ma'aikata ke nan. Mu muka san tarayya daban, jiha daban, ƙaramar hukuma daban. Matar da ke leƙe ta katanga da goyo a bayanta gwamnati ɗaya ta sani. Tun daga ranar, duk jami'in da ya zo wurina, ko gaisuwa ce ta kawo shi, nakan roƙe shi ya ajiye motarsa bakin titi ya ƙaraso da ƙafa.