Saƙon Bartholomew zuwa Bukuru

Constance, nas a wani asibiti a Largo, can ƙasar waje, ba ta taɓa tsanar wani abu kamar yadda ta tsani fim ɗin da ƙanenta Bartholomew ke mutuwar so ba. Tsohon fim ne marar kala, na zamanin yaƙin Turawa: soja ya bar masoyiyarsa a tashar jirgin ƙasa, ya tafi bai waiwayo ba. Jarumin ba ya buɗe baki idan zai yi magana, sai ya ɗage gira ɗaya, sigari na rataye a leɓe. Ita kuwa jarumar, kafin ya kai ta tudun mun tsira, bam na sauka amma gashinta ko motsi, hawayenta ma ɗaya-ɗaya yake gangarowa kamar na sayarwa. Constance ta ga rikicin Jos da idonta, ta san yadda fuskar mai gudun rai take. Wannan rainin hankali ne kawai.

Bartholomew malamin firamare ne a Bukuru kafin ta yi masa hanya ya zo. Ya bar matarsa Linda da jaririya, da alkawarin zai ɗauko su da zarar ya zauna da gindinsa. Ya samu aikin gadi a wani sito a Laurel, takardunsa suka fito, jaririya ta shiga aji huɗu, alkawari yana nan inda aka ajiye shi. A ɗakin gadin ya haɗu da fim ɗin a talabijin, shi ke nan kamar an yi masa asiri. Ya sayi doguwar kwat a gwanjo, ya koyi ɗage gira. Mutumin da hayaƙin murhu ke sa shi tari har sigari ya fara riƙewa, ba ya kunnawa.

“Yaya, ba ki gane ba ne,” in ji shi. “Soyayya ta gaskiya sai da rabuwa.”

“Rabuwar gidanku! Ka je wurin lauya ka cike musu takardun zuwa.”

Da za ta tafi gida Kirsimeti, ’yan Filato suka yi ta kawo saƙo kamar kullum. Doka ce, matafiyi ba ya ɗaukar ƙunshin da bai buɗe ba. Na Bartholomew ne kaɗai ta ƙyale, don ambulan ce babba mai tauri, zuciyarta ta ba ta cewa takardun tafiya ne. Har godiya ta yi wa Allah a jirgi.

A Bukuru, Linda ta buɗe a gaban kowa. Faifan fim ɗin ne, an naɗe shi da kwali. Constance ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ga shi da bakinta ta riga ta gaya wa ’yar Bartholomew ta fara sallama da ƙawaye.

Linda ba ta yi kuka ba. Ta sa aka tada janareta, ta kalla daga farko har ƙarshe, sannan ta kashe.

“Yaya, shi wannan sojan yaƙi ya tafi, ya bar matar inda lafiya take. Naku kuwa inda lafiya take ya tafi, ya bar mu a cikin yaƙin.” Ta miƙo faifan. “Ki ce masa na gani, ni na haƙura. ’Yarsa kawai nake so ya yi wa takardar tafiya.”