"Yes" Ɗin Da Ya Raba Ni Da Aikina

Ba na jin akwai ranar da zan manta da Larabar da kalma ɗaya tak ta Turanci ta kusa kai ni hannun 'yan sanda. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in wani ya tsare ni da tambaya da Turanci sai ranar ta faɗo mini a rai.

A lokacin ina aiki a wata masana'antar kayan ɗanɗanon miya a Challawa, Kano, a ɓangaren da inji ke liƙe bakin leda. Asabar da Lahadi kuma ina zuwa karatun ƙarshen mako, ina karanta Turanci. Mun fara kimiyyar harshe da ginin jimla, muna zana bishiyar li'irabi, yankin suna a wannan reshe, yankin aiki a wancan. Ko a motar ma'aikata littafina na kan cinyata, har abokan aiki suka sa mini suna Baturiyar Dorayi, wato unguwarmu. Ba zan ɓoye ba, sunan yana mini daɗi.

Injinmu yana da murfin ƙarfe da ke rufe bakinsa mai zafi. In leda ta maƙale, sai an kashe shi an buɗe murfin, aiki ya tsaya. Da safen Larabar nan sufabaizanmu ya zo da sifana ya kwance murfin ya jingina shi da bango, wai muna ɓata masa lokaci. Mu huɗu ne a layin, duk a kan idonmu aka yi. Da hantsi leda ta maƙale, wata baiwar Allah da muke kira Yaya, uwar 'ya'ya uku, ta kai hannu ta zaro ta. Injin ya datse mata yatsu biyu. Ƙarar da ta yi, ba na son ko tuna ta.

Ana fita da ita asibiti aka kira mu ukun da muka rage ofishin manaja. Baƙo ne daga wata ƙasa, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Sufabaiza na tsaye a gefensa yana tafinta. Biyun farko suka ce ba su san komai ba. Da aka zo kaina sai sufabaiza ya ce, "Wannan ai ba ta buƙatar tafinta, 'yar boko ce."

Manaja ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "You didn't remove the cover?" Wato, ba ki cire murfin ba?

Na ce, "Yes, sir."

To ku gaya mini, wane Bahaushe ne zai amsa daban? In Inna ta ce, "Ba ki ci abinci ba?" ai cewa zan yi, "Eh, ban ci ba." Abin da nake nufi ke nan: eh, haka ne, ban cire ba. Ya maimaita, "Yes?" Na sake cewa, "Yes, sir." Ya rubuta wani abu, ya ɗaga waya. Kafin in gane me ake ciki, an damƙa ni a hannun maigadi, a tsare ni har 'yan sanda su zo.

Maigadin dattijo ne, mutumin Jigawa. Ya zaunar da ni a kan benci, ya ba ni ruwa a moɗa, ya ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, ke kika cire?"

"Wallahi Baba ko taɓa shi ban yi ba!"

"To me kika ce wa mutumin?"

Na faɗa masa yadda aka yi. Ya dafe kai. "Kash! Hausa kika yi masa da bakin Turanci. Su mutanen nan, in abu bai faru ba, 'no' suke cewa, ko ta ina aka murɗo tambayar. Na tsufa ina buɗe musu ƙofa, na san halinsu. A wurinsa kin amsa laifi ne."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Ni mai zana bishiyoyi a littafi, ga tsohon da bai taɓa zama a aji ba yana warware mini abin da ban sani ba. Ina ta hango Inna ana gaya mata 'yarta na tsare, unguwa ta ɗauka cewa ni na nakasa uwar 'ya'ya uku.

Bayan azahar aka kawo takarda in sa hannu, an rubuta cewa na amsa da bakina. Na ƙi. Baba maigadi ya raka ni ofis, na tsaya na haɗa jimlata cikakkiya: "No, sir, I did not remove the cover." Manaja ya ce ɗazu yes, yanzu no, wanne zai ɗauka? Na juya wajen sufabaiza na ce, "Malam, ku ji tsoron Allah. Kun san abin da nake nufi. Ku gaya masa yadda muke amsawa da Hausa."

Ya kawar da kai ya ce, "Ni ina ruwana? Ba ke ce Baturiya ba? Da kunnena na ji kin ce yes."

Nan raina ya ɓaci har tsoron ya ja baya, na ce shi ya kwance murfin. Aka sake kiran matan nan biyu. Suka sunkuyar da kai, suka ƙi ba da shaida. Ba na riƙe su a zuci sosai, kowacce da bakunan da take ciyarwa. Abin da ya cece ni shi ne Yaya, Allah Ya saka mata da alheri. Tana kwance cikin ciwo ta aiko direban da ya kai ta ya ce ba ni ba ce. Aka fasa zancen 'yan sanda, amma aka karɓe katin aikina a ƙofa aka ce kar in dawo, wai ba a aiki da mai baki biyu. Shi kuwa mai sifana, washegari yana bakin aikinsa.

Bayan mako uku malaminmu ya shigo aji ya rubuta a allo cewa yau darasin tambayar korewa ne. Ya ce harsuna sun kasu: wasu, irin Hausa, suna amsa wa mai tambaya ne, ko ya faɗi daidai ko bai faɗa ba, wasu, irin Turanci, suna bin aikin ne, ko ya faru ko bai faru ba. Ya ce ba wanda ya fi wani, kowane da tsarinsa. 'Yan aji suna ta dariyar misalan, ni kuwa hawaye ke ɗiga a kan littafina.

Takaici ne ya sa ni kuka. Shekara shida na yi a sakandare ana zane mu in mun yi Hausa a aji, ba malami ɗaya da ya taɓa nuna mana wannan ramin. Manajan ya yi shekaru yana cin arziki a Kano, bai taɓa damuwa ya san yadda ma'aikatansa ke cewa eh ba. Mafi ciwo kuma shi ne wanda ya ji harsunan biyu sarai, ya ga na faɗa rami, ya ɗauko ƙasa ya rufe ni don ya tsira.

Ban bar karatun ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in magana ta zama ta laifi, ba na amsa ta da kalma ɗaya. Sai na faɗi wa ya yi, me ya yi, me bai yi ba, ko da za a ce na cika surutu. Kuma duk inda na tsinci kaina tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna, a asibiti ne ko a ofis, sai na sa baki. Wanda ya fahimci magana ya yi shiru har aka cuci wani, shi ma ya yi ƙarya, ko da bai buɗe baki ba.