Shuɗin da Ke Hannun Majo Salamatu

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Majo Salamatu, Allah Ya jiƙanta. Da ba don wata magana da ta shigo gidana makon jiya ba, da addu'a kawai zan yi mata in ja bakina, kamar yadda na saba. Sunana Hauwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce ni, a ƙarƙashinta na koyi aiki. A asibiti Majo nake ce mata, a gida Yaya, ko da yake ita 'yar Maraɗi ce, ni kuwa daga Damagaram na zo Yamai.

Yaran yanzu ba su san nauyin kalmar majo ba. Ita ce shugabar masu jinya. A zamanin da likita ɗaya ke zagaya asibitoci da yawa, majo ke duba marar lafiya, ta ba da magani, ta raba mana aiki, kuma in an yi ɓarna ita ake kira. Salamatu gajera ce, fara'arta kaɗan. Kowace safiya sai mun jeru mun miƙa mata hannuwa ta duba farce. In ta ga datti a nawa sai ta ce ashe gyaɗar Damagaram na zo haƙa, ba jinya ba. Na sha yin kuka a bayan ɗakin magani, na kuma sha cin tuwon gidanta a ranar da ta sa ni kukan.

Shekarar da nake magana a kai ita ce ta farin nan na biyu. Shanu sun ƙare, rumbuna sun zama ɗakin ɓera, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa Yamai. Suka kafa bukkokin tabarma da kwali a arewacin gari, inda yau gidajen siminti suka cinye. Aka tura mu can da rumfar tanti, da garin madara, da jar dawar agaji. Soja ne ke mulki a lokacin, kuma kowa ya san ba a tambayar dalili. Ko cikin ɗakinka, in za ka ambaci gwamnati sai ka rage murya.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Da farko dawar ta daina zuwa. Sai muka fara ganin manyan motocin soja suna ajiye hanci a bakin zangon. Daga baya wani kapitan ya zo ya shaida wa Majo cewa an yanke a mai da kowa ƙauyensa, damina ta kusa, a je a yi shuka. Masu ƙyanda kaɗai za a bari tare da iyayensu mata, don kada su kai cutar karkara ko su shafa wa sojojinsa. Majo ta nuna masa yaran da yunwa ta kumbura wa ƙafafu, ta ce waɗannan ba za su kai ko rabin hanya ba a bayan kamyo, buɗaɗɗiyar motar kaya, cikin wannan rana. Ya dube ta ya ce yunwa ba ciwo ba ce.

Akwai wani shuɗin magani da muke shafa wa yaron da ƙyanda ta fasa wa baki. Sojojin sun riga sun gane shi, da sun hangi shuɗin baki sai su kauce. Safiyar da za a fara lodi, na tarar da Majo durƙushe gaban wani yaro da ba ya da ko ƙurji ɗaya, ƙashi da fata kawai, ta naɗe auduga a yatsa tana shafa masa. Nan take na gane. Na ɗauko ɗaya kwalbar don in taya ta, sai ta fizge ta daga hannuna har ta ji mini ciwo.

"Ajiye, Hauwa. Ke da sauran ku tafi wajen kunu, kada in ga ƙafar kowa a nan."

Na ce, "Majo, ke kaɗai ba ki iya gamawa."

"Na sani," in ji ta. "Amma hannu guda ne za shi yi shuɗi yau, kuma nawa ne."

Haushi ya kama ni ƙwarai, don na ɗauka raina mu ta yi. Muka tsaya muna dama kunu muna hangen ta, tana bin bukkoki da sauri, injin motocin yana ta ruri. Ba ta gama ba kuwa. Maganin ya ƙare tun rana ba ta take ba. Har gobe ina ganin wata mata da ta biyo ta da gudu, ta buɗe bakin ɗiyarta da yatsa biyu ta miƙo mata. Majo ta kifa kwalbar a tafin hannu, ko ɗigo. Aka hau da matar mota tana waiwaye, kuma ban taɓa jin labarinsu ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kapitan ya ga shuɗin baki ya yi yawa, ya sa aka kawo likitan soja. Likitan ya duba yaran, a ƙarshe ya faɗi abin da ya gani, cewa yawancinsu ba ƙyanda gare su ba. Aka jera mu a rana, kamar dai yadda Majo ke jera mu da safe, aka ce kowa ta miƙa hannuwanta. Namu fes, sai ƙanshin kunu. Nata shuɗi har ƙarƙashin farce. A nan ne na fahimci abin da ya sa ta kore mu. Motocin lodi sun riga sun tafi, don haka yaran suka zauna. Ita aka tafi da ita a ƙaramar mota.

Ta dawo bayan wasu makonni, zanenta yana zagaya ta sau biyu. Na tambaye ta abin da aka yi mata, ta ce in je in wanke farcena. Aka sauke ta daga majo, aka tura ta wani ƙaramin asibitin daji can gabas, inda ta zauna har ƙarfinta ya ƙare. Ba a taɓa mai da mata matsayinta ba. Daga cikin yaran wasu sun mutu a hannunmu duk da haka, da yawa kuma sun tashi. Mu da ke ƙarƙashinta ba a taɓa ko ɗaya ba, muka yi aure, muka haihu, muka ci fanshonmu. Takan ce babba juji ne, kuma ni ban ga wanda aka zuba wa shara ya yi shiru kamarta ba.

Yau an ci gaba. Masu jinya suna ƙaro ilimi mai zurfi, ana ba su shugabancin asibitoci da takarda da hatimi, abin da Majo ta yi shekaru tana yi ba tare da an kira shi da suna ba. Da tana nan na san za ta ji daɗi, ta kuma ɓoye jin daɗin. Sai dai za ta tambaya ko a makarantar ana faɗa musu cewa kujerar tana da ranar da ake jera mutane a ce su miƙa hannu. Domin ga damina tana mana wasa, ga kakin soja ya dawo mulki, ga mutanen ƙauye sun sake fara kwana a bakin titi. Na ga ana rage murya kuma.

Ɗiyata Nafisa tana cikin masu wannan ilimi. An ba ta shugabancin wani asibiti a unguwar Bobiel, muka yi walima, aka yi mata lalle. Makon jiya ta zo gidana da la'asar, lallen bai gama fita ba, ta zauna ta ƙi cin abinci. Ta ce akwai 'yan gudun hijira da ke kwana a harabar asibitin da yara marasa ƙarfi, kuma an kira ta daga sama an ce kafin ƙarshen wata a ga wurin fayau.

"Inna, mi zan yi?"

Na riƙe hannunta ina kallo. Abin da ya rage na Majo Salamatu a duniya ba gida ba ne, ba lambar girma ba, amsar wannan tambaya ce, kuma na san ta kamar sunana. Amma na ga yadda aka dawo mana da Majo, ni kuwa uwa ce, tsoro nake ji. Na ce mata ta ci abinci tukuna. Ta tafi ban faɗa mata ba, har yanzu kuma bakina ya ƙi buɗuwa. Sai dai Nafisa tana karanta wannan jarida da na aiko wa labarin nan.